Jan Zare a Gwangwanin Yaya Habu

Shekara uku ke nan da muka rufe Yaya Habu a maƙabartar da ke bayan Abu Hamour. Bayan La'asar ne, a makon da Doha ta cika ta batse da baƙin gasar ƙwallon duniya, har motar da ta ɗauko mu ta yi ta kewaye saboda titunan da aka rufe. Da aka shafa addu'a, Malam Tanimu, wanda shi ne babba a cikinmu, ya juyo ya ce duk wanda mamacin ya taɓa ɓata wa ya yafe masa. Kafin ya rufe baki na ce, "Na yafe masa duniya da lahira." Da ƙarfi na faɗa, kowa ya ji. Kwana huɗu bayan nan na buɗe akwatinsa. Tun daga ranar nake tambayar kaina ko yafiyar da mutum ya yi kafin ya san abin da aka yi masa tana nan a matsayinta.

Sunana Isuhu, mutumin wajen Gumel ne ni, direba a gidan wani Balarabe. Karatuna bai wuce firamare ba. Duk wanda ya zauna da ni a garin nan ya san halina: ina da waswasi. Nakan kulle mota in yi taku goma in dawo in ja marfin. Nakan idar da alwala in sake. Gwangwanin da ban san abin da aka rubuta a jikinsa ba, ba na buɗe shi sai na sami wanda zai karanta mini. Ba alfahari nake yi da wannan ba, wahala ce, amma ita ce ta sa mutanenmu suke cewa duk abin da ya fito daga hannun Isuhu a ci kawai, ya riga ya yi wa kowa bincike. Ban da gida a Doha, ban da muƙami. Wannan shaidar ita ce abin da na mallaka.

Yaya Habu ba ɗan'uwana ba ne na jini. Mutumin fadamar Haɗejiya ne, ɗan gidan maharba, ya girme ni da shekara goma. Kafilinmu ɗaya, wato maigida ɗaya ne yake riƙe da takardunmu, ni ina tuƙi a cikin gari, shi yana gadin gonar maigida can arewa da birni, inda ake kiwon tumaki da raƙuma da shuka ciyawa. Shi ya tarbe ni ranar da na zo ƙasar, shi ya nuna mini inda ake samun garin tuwo, shi ya koya mini in ce "hadir", wato "to", idan an aike ni ko da ban gane aiken ba, in ya so in tambaye shi daga baya. Shi ne kuma ya sa mini sunan da ya bi ni har yau: Alƙali.

Da annobar korona ta shigo aka rufe masallatai da makarantu, maigida ya kwashe iyalinsa kaf ya koma gona, ni ma aka taho da ni. A can muka tarar da abin da Yaya Habu ya daɗe yana kuka da shi. Tantabaru ne marasa mai su, ɗaruruwa, suna sauka da safe a kan sha'irin da ake zuba wa tumaki, su cinye, su ɓata sauran da kashi. Hamad, babban ɗan maigida, wanda ya yi karatu a Turai kuma zaman gona ya ishe shi, ya fito da bindigar gidansu mai baki biyu da takardunta, ya kuma fito da wata jaka cike da tantabarun roba da ya taho da su daga can. Ya jera su a fili sahu-sahu, ya tsaya a tsaye da farar jallabiyarsa yana jira. Kwana biyu ko guda ɗaya ba ta sauko ba.

Yaya Habu yana kallo daga bakin rumfa yana taunar asuwaki. A rana ta uku ya je ya ce wa Hamad da Larabcinsa na kasuwa ya ba shi kwana ɗaya. Sannan ya kira ni.

"Alƙali, zo ka koyi abin da zai amfane ka, ba wanke taya ba."

Ranar ba mu taɓa bindiga ba. Zama muka yi a gindin katanga tun gari bai gama wayewa ba muna kallon sama. Ya ce tantabara tana da hanyarta kamar yadda mota take da titi, wanda bai san hanyar ba ko zinariya ya zuba a ƙasa ba za ta gani ba. Muka ga daga wajen tankin ruwa suke fitowa, su bi layin itatuwan dabino, su karyo ta kan shingen tumaki. A ƙarƙashin wannan karyowar ya ce za mu zauna. Muka sari ganyen dabino muka kafa 'yar bukka da ba ta wuce ƙirjin mutum ba, iska tana bayanmu, domin tsuntsu iska yake fuskanta idan zai sauka.

Har yau idan na rufe ido ina ganin hannunsa yana jera tantabarun robar nan. Da farko ya goge kowace da yashi har ƙyallinta ya mutu, ya ce babu tsuntsun da Allah ya yi mai walƙiya kamar kwanon sha. Ya jera su kamar jinjirin wata, buɗaɗɗen gefen yana can nesa, tsakiya ya bar fili taku talatin daga bukka, nan ne masaukin baƙi. Kowace ta fuskanci iska, amma ya ɗan karkata wannan dama, waccan hagu, ya ce masu cin abinci ba sa tsayawa kamar sahun sallah. Kawunansu a ƙasa. Wadda kanta yake sama, in ji shi, ta ga abin tsoro ke nan, 'yan'uwanta na sama za su karanta su wuce. Idan aka harbo wata ta faɗi rigingine, a ruga a ɗauke ta, cikinta a sama ya isa ya kori garke guda. Ya ce in rufe fuskata da rawani, fuskar mutum ita ce abin da suka fi sani.

Washegari Hamad ya harbo goma sha ɗaya kafin hantsi, ya yi ta ihu yana rungumar Yaya Habu, ya manta da dokar tazara. Daga nan ya riƙa miƙa masa bindigar yana zaune a gefensa, daga baya ni ma aka ce in gwada. Na yi ta tambaya ko hukuma ta yarda, sai da maigida da bakinsa ya ce gonarsa ce, bindigarsa ce, ɗansa yana wurin. Na ɗora ta a kafaɗa. Tantabara ta karyo, ta buɗe fukafukai a kan filin da muka bar mata. Na yi bisimilla, sai na ji kamar ban furta daidai ba, na sake, na ƙara sakewa. Kafin in ja kunamar bindigar ta kai tankin ruwa.

"Alƙali," in ji Yaya Habu, "tantabara ba ta jiran ka idar da Fatiha. Ɗaya ta isa. Kuma ka harbi inda za ta je, ba inda take ba."

Sai da na ɓata harsashi bakwai kafin ta farko ta faɗo. Na ruga da wuƙa na same ta da rai na yanka. Ban ɓoye ba, na ji daɗi.

Daga nan wuƙa ta zama aikina, damuwa kuma ta biyo baya. Na buga waya gida na tambayi malaminmu, ya yi mini bayani daidai fahimtata: wadda aka yi bisimilla aka harba harbin ya kashe ta, ta halatta, wadda aka riska da rai dole a yanka, wadda aka yi sakaci ta mutu, ko ta mutu don kanta, mushe ce. To Hamad idan abokansa suka zo ana dariya ana "yalla, yalla," wato maza-maza, ba na jin bisimillar kowa. Wasu kuma su faɗa can cikin ciyawa, sai an tashi a tsince su sun sandare, ba wanda ya san ko da rai suka faɗi. Ga waɗanda Yaya Habu yake tsintowa da safe a ragar rumfar shuka, sun maƙale sun mutu tun jiya. Duk waɗannan na ce ba za su shiga tukunya ba.

Shi ya kawo shawarar da ta raba gardama. Ya ce ai tantabarar gaske ta fi ta roba kira nesa ba kusa ba. A samo tsinken dabino a tokare mata haɓa, a gyara mata fukafukai, a zaunar da ita cikin na roba. Mushen zai yi mana aiki, in an tashi shi zai kai su bayan tanki ya binne. Na yarda, da sharaɗi guda: duk wadda nake shakka a kanta zan ɗaura mata jan zare a ƙafa, don kada ta gauraya da na yanka. Na samo zaren a wajen mai aikin gidan, ja ne mai duhu. Ina ɗaurawa in ƙulla sau uku, in ƙara na huɗu a gefe saboda kada ya kwance. Yaya Habu yana kallo yana girgiza kai.

"Wannan ko fursuna ce sai haka."

A wannan lokacin mutanenmu na cikin gari suna cikin wani hali. Akwai wani ɗaki a unguwar Al-Sadd da muke taruwa ranar hutu, mutum takwas ne a ciki, masu gadin otal da direbobin haya. Otal ya rufe, ba fasinja a titi. Shinkafa da mai suna samu, da burodi da shayi, amma nama sai a waya suke ganinsa. Duk ranar Alhamis ana aike ni gari cefane, sai na roƙi maigida ya bar ni in riƙa kai musu tantabarun da gidan ba ya buƙata. Ya ce babu matsala. Nakan ajiye kula a bakin ƙofa, in ja baya da takunkumi a fuska, su fito su ɗauka. Ranar farko Malam Tanimu, wanda ya tashi daga jinya bai daɗe ba, ya tsaya daga cikin ɗaki ya ce:

"Isuhu, naman bindiga ne fa. Yaya aka yi da yankan?"

Na yi masa bayanin jan zare tun daga farko. Bai bari na ƙarasa ba ya ɗaga hannu.

"Khalas, ya isa. Tunda kai ne, ba sai ka faɗa ba. Ku ɗora tukunya."

Na koma mota ina jin kaina kamar wanda aka naɗa wa rawani.

Yanzu da nake waiwaye, komai yana nan a fili, ni ne ban gani ba. Yaya Habu ya ce shi zai riƙa fige su yana gyarawa, tunda ya ga ƙaurin gashi yana tayar mini da zuciya. Na ɗauka tausayi ne. Suna zuwa kula ba kai ba ƙafa. Ni kuma mai ƙirga ne, idan na yanka tara na ga goma sha huɗu a kula sai in tambaya. Ya ce ai bayan an aike ni kai Hajiya, matar maigida, wani wuri shi da Hamad sun ƙara zama, ya harba ya yanka da hannunsa. Sau da yawa gaskiya ne an aike ni. Nakan ce, "Yaya, ka tabbata?" Bai taɓa rantsuwa ba, ko sau ɗaya. Abin da yake cewa kullum shi ne, "Kai musu, Alƙali. In da zunubi a wuyana." Sai mu yi dariya. Kuma shi ba ya cin tantabara. Ya ce ya ci ta ishe shi tun yana yaro, yanzu basir take tayar masa. Ni da shi muke zama a tabarma ɗaya, ni ina tsotsar ƙashi, shi yana cin wake.

Annoba ta lafa, aka buɗe masallatai, iyalin maigida suka koma gari, mutanen Al-Sadd suka koma bakin aiki. Harbin bai tsaya ba, ya zama na ƙarshen mako, kai naman ma ya zama al'ada. Zaren farko ya ƙare, na sayi wani a kanti, shi kuma ja ne mai haske, kusan ruwan goro. A riƙe wannan, zan dawo kansa.

Lokacin gasar ƙwallo maigida ya kafa tantuna a gona saboda baƙinsa. Yaya Habu ya yi ta hidima, ga gadi ga gashi ga nuna wa baƙi raƙuma. Wata safiya ya jera wa Hamad da abokansa tantabaru, ya dawo bukka ya zauna ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi. Ni na ɗauke shi a mota. Hanyar asibiti da nisa, ya jingina kai da gilashi yana kallon tutocin da aka jera a bakin titi. Ya ce, "Alƙali, akwai wani gwangwani." Na ce ya yi shiru ya adana numfashinsa, in mun isa ya faɗa mini. Ita ce maganarsa ta ƙarshe a duniya. Na sha tuna wannan, ni na rufe masa baki.

Ni aka ba aikin haɗa kayansa a aika wa iyalinsa. Riguna, carbi, hoton 'ya'yansa mata biyu, turaren da ya saya wa matarsa bai kai ga aikawa ba. A can ƙasan akwatin na tarar da gwangwanin madara an naɗe shi da tsumma. Na buɗe. Jan zare ne, guntu-guntu, cike har wuya. Na ɗauki ɗaya. Ƙulli uku da na huɗu a gefe. Ba kwance shi aka yi ba, da wuƙa aka yanke shi daga ƙafar tsuntsu. Na juye su a kan katifa na fara ƙirgawa, da na wuce tamanin na daina.

Ban yarda da idona ba, don ni ba na yarda da komai da sauri, har abin da nake tsoro. Na ce ƙila yana yanke zaren ne kafin ya binne su. Na ɗauki shebur na je bayan tanki, inda ya nuna mini tun farko ya ce nan ne ramin. Na haƙa har gwiwa, na matsa na sake haƙawa. 'Yan ƙasusuwan da na samu ba su kai na tsuntsu biyar ba. Usman, makiyayin gonar, mutumin Sudan, ya zo ya tsaya a kaina yana kallo. Na tambaye shi inda marigayi yake binne tantabaru masu zare. Ya yi mamakin tambayar. Ya ce binnewa kuma? Ai nan yake zama ya yanke zaren ya sa a aljihu, ya cire kai, ya fige, ya haɗa da sauran. Sai wadda ta fara wari yake jefa wa karnuka. Ya ce shi ya ɗauka na sani, ai abokina ne.

Na zauna a bakin ramin da na haƙa. Abin da ya fara zuwar mini ba zunubi ba ne, tabarmar nan ce, da kwanon wakensa.

Na sake kiran malaminmu ban ambaci suna ba. Ya ce wanda ya ci bai sani ba babu komai a kansa, wanda ya kai bai sani ba shi ma haka. Na gode masa. Na san gaskiya ya faɗa, kuma hankalina ya kwanta ta wannan gefen. Amma ba a nan ciwon yake ba. Yaya Habu ya san duk garin nan babu wanda za a karɓi naman bindiga daga hannunsa ba tambaya sai ni. Da shi ya kai, Malam Tanimu zai tsare shi da tambaya har ya gaji. Sai ya gyara ni ya zaunar da ni a bakin ƙofar Al-Sadd, da waswasina da jan zarena, mutane suka gan ni suka saki jiki. Abu guda da nake da shi ya ɗauka ya yi aiki da shi, bai tambaye ni ba.

Na yi ƙoƙarin kare shi a zuciyata, Allah ya sani. Na ce mutum ne da ya taso inda ba a zubar da nama. Ya ga mutum takwas suna cin gaya, ya ga tsuntsaye masu ƙiba za a sa a rami saboda shakkar Isuhu, zuciyarsa ta kasa. Ƙila ma a ganinsa yawancinsu halal ne, tsananina ne ya yi yawa, kuma mai yiwuwa a kan wasu yana da gaskiya. Amma na ragar rumfa fa, waɗanda suka kwana a mace? Kuma yunwar ba ta wuce wata biyar ko shida ba. Da na baje zaren a kan katifa, mai duhun da mai hasken kusan daidai suke. Mai hasken na shekarar da kowa ya koma aiki ne, lokacin da mutanen Al-Sadd suke iya sayen kaza. Wannan ban samo masa uzuri ba har yau. Kuma in ya tabbata halal ne, me ya hana shi ci?

Abin da ya hana ni yanke masa hukunci gaba ɗaya shi ne gwangwanin kansa. Wanda bai damu ba zai yar da zaren a ciyawa, iska ta kwashe. Shi ya tara, ya naɗe, ya ɓoye tare da turaren matarsa. Ko lissafin abin da ya ce a wuyansa yake yi, ko ajiye mini yake don wata rana ya nuna mini, ban sani ba. A mota ya so ya faɗa. Shekara biyu yana da bakin faɗa, sai da numfashi ya rage masa kaɗan ya tuna.

Da zai dawo yau ya ga gonar, zai yi dariya. Hamad ya sayo wata na'ura mai batir da take juya tantabaru biyu a sama kamar fanka, ya sayo bukkar yadi mai naɗewa. Duk da haka in ba ni na jera ba ba sa sauka sosai, domin har yanzu sai an zauna an kalli hanyarsu, an goge ƙyalli da yashi, an bar wa baƙi masauki. Hannuna yana yin abin da hannunsa ya koya masa ko ina fushi ko ba na yi. Ɗakin Al-Sadd ya watse, uku sun koma gida, ɗaya yana Nu'aija yana gadin wata makaranta, sauran ban san inda suke ba. Na daina kai wa kowa nama tun daga ranar shebur. Masu zare ni nake binne su da hannuna, in tsaya in taka ƙasar. Na san abin da zai ce in ya gan ni: "Alƙali, har yanzu?"

Shekara uku ban faɗa wa kowa ba. Na ce rufin asirin mamaci nake yi. A watan jiya Malam Tanimu ya gama kwantiraginsa zai koma Kano gaba ɗaya, muka je yi masa sallama. Yana ɗaure kaya yana ba wani sabon zuwa labarin shekarar annoba, ya nuna ni ya ce, "Ka ga wannan? Shi ya ciyar da mu nama lokacin da ba mu da shi. Kuma in Isuhu ya ba ka abu, rufe ido ka ci." Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na jira mutane suka ragu, na ce ina son magana da shi. Muka fita baranda, na fito da gwangwanin daga jaka, na faɗa masa komai.

Ya daɗe yana juya guntun zare ɗaya a tsakanin yatsunsa.

"Habu ke nan," ya ce. "Allah ya jiƙansa. Cikinmu ya riga ya narkar, ba abin da za a fitar." Sannan ya tambaye ni: "Kai yaushe ka sani?"

Na ce kwana huɗu bayan jana'iza.

"Shekara uku, Isuhu. Sau nawa na yabe ka a gabanka a shekara ukun nan?"

Ya ɗago ya dube ni, ya ƙara da cewa:

"Asirinsa kake rufewa, ko naka?"

Ya mayar da zaren cikin gwangwanin, ya rufe, ya miƙo mini da hannu biyu. Bai ɗaga murya ba, bai kuma ce ya yafe ba. Ya koma ciki ya ci gaba da ɗaure kayansa. Washegari ya tashi.

Shi ya sa na rubuta wannan. Na canza sunaye saboda 'ya'yan marigayi, amma mutum takwas ɗin nan duk inda suke za su gane kansu. Ku sani, cikin naman da na riƙa ajiye muku a bakin ƙofa akwai wanda ban yanka ba, akwai wanda ba wanda ya yanka. Lokacin ban sani ba. Daga baya na sani na yi shiru, don ina son abin da kuke faɗa a kaina. Wannan na biyun nawa ne, ba na Yaya Habu ba, kuma a kansa nake roƙonku.

Shi kuwa, abin da ya rage mini nasa ba shi da yawa. Ya tarbe ni a ƙasar da ban san kowa ba. Ya koya mini kallon sama. Ya sa aka ci nama a ɗakin da ba nama, ya kuma yi hakan da sunana ba da izinina ba. Ba na iya ɗaga ɗaya in ajiye ɗaya, tare suke zuwa. Ina yi masa addu'a bayan kowace sallah, wannan bai taɓa yi mini wuya ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je kabarinsa da gwangwanin a hannu. Niyyata in tsaya inda na tsaya waccan ranar, in sake faɗin abin da na faɗa, wannan karon da sanin abin da nake yafewa. Ni da nake maimaita alwala, nake maimaita bisimilla har tsuntsu ya wuce, na buɗe baki kalmar ta ƙi fita. Ta farkon ban janye ta ba, ba kuma zan janye ba, in tana da amfani a wurinsa ya riƙe. Na tsaya har inuwa ta juya, na karanta abin da na iya, na dawo mota da gwangwanin. Yana nan a ƙarƙashin kujerata, ina jin motsinsa duk sanda na taka birki.